Albasar Miskin

Buhu ɗari biyu da sittin na ɗora a Marwa,
albasar Miskin, ja, mai sheƙi kamar an shafa mata mai.
Rabi jarina, rabi amanar mutane.
Mota ta mutu a hawan dutsen Ngaundare,
kwana tara ana jiran ƙarfe daga Duwala,
ruwa ya sauka, rana ta buɗe, ruwa ya dawo.
Da direba ya kira, bai ja zance ba:
"Alhaji, tun daga nesa ake jin warin."

Shekara ashirin ina cikin albasa
ba ta taɓa sa ni hawaye ba
sai da ta ruɓe.

Rumfa ta tafi, babur ya bi ta.
Firjin Dudu ya fita a amalanke bayan isha
don kada maƙwabta su ƙirga mana.
Na kashe waya sati uku.
Na koyi zagaye ta yashin Mayo Kaliyawo,
ƙafa na nutsewa, takalmi a hannu,
don kawai kada in gifta ƙofar Bakura.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa ya fito waje, kowa na kallo.

Wani dare Dudu ta yage takarda
daga littafin lissafin Asta,
ta ajiye biro a kan gwiwata.
Ta ce, "Bashin da ba a rubuta ba
cikin duhu yake ƙiba. Rubuta."
Na rubuta. Suna bakwai.
Hannuna na rawa, amma bakwai ne, ba dubu ba,
kuma kowane yana da ƙofar da ake sallama.

Bakura ya bar ni tsaye,
ya shanye shayinsa har kofi na uku,
ya faɗi abin da ba zan maimaita ba.
Da ya gama ya ce, "Nawa za ka iya a wata?"
Hajja Fanne ta adashi ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba:
"Jaka biyu duk Juma'a. Ranar da babu,
ka zo da ƙafarka ka ce babu."
Hamajoda manomi ya dubi rijiyarsa ya daɗe,
ya ce sai kaka.
Kaka ta zo ba ta same shi ba.
Yanzu 'ya'yansa nake kai wa, da shaida biyu.

Ina tsince albasa a rumfar Saliyu,
yaron da na koya wa ɗinkin buhu.
Har yau Alhaji yake ce mini,
ni kuma na daina jin kamar zagi.
Yatsana ya san mai laushin wuya tun kafin ido,
in ware ta gefe kada ta ɓata 'yan uwanta.
Abin da na samu da yamma kashi biyu ne:
na tukunya, na takarda.
Wani lokaci tukunya ce ke haƙuri.

Takardar ta yi laushi don ninki,
na manne tsakiyarta da salatif.
Suna uku na ja wa layi.
Saura huɗu, Bakura a sama, shi ne babba.

Jiya na bi ta ƙofarsa da takalmi a ƙafa.
Na yi sallama.
Bai ba ni shayi ba,
amma ya amsa.