Jaridar Bango

A Maiurno, bayan kasuwa, inda hanya ke gangarawa Nilu,
akwai bangon da ya riga kowa sanin rubutuna.
Farar ƙasa, ƙusa huɗu,
da takardar kwali da muke karo-karo mu saya ran Lahadi.
Ni ke rubutu, Baturiya na zana furen kuɓewa a gefe,
don shi kaɗai ta iya.

Ranar da na sa baitin Hausa cikin haruffan Larabci
shugabar makaranta ta tsaya, ta gyara tabarau:
"Wannan wane yare ne a bangona?"
Baba Jatau maigadi, sanda a hammata,
ya karanta mata shi tiryan-tiryan,
har ya gyara mini wasali ɗaya.
Takardar ta kwana bakwai ba a taɓa ta ba.

Ustaza Suwaiba ba ta taɓa yaba mini ba.
Jan alƙalaminta kaza ce a shanyar dawa,
ba ta barin ƙwaya.
"Kin ce kogi na kuka. Kin ji da kunnenki?
Je ki zauna bakinsa, ki dawo ki faɗa mini."
Na je. Ashe ba kuka yake ba,
gunaguni ne, irin na tsohon da aka tasa daga barci.

Shekarar jarrabawa ruwa ya cinye gonar babana.
Ban gaya wa kowa ba.
Sai ga gwangwanin madara ƙarƙashin bencina,
an toshe bakinsa da tsumma.
Tsaba, tsofaffin takardu, wata duk ƙanshin man riɗi,
na san ta Inno Gambo ce,
mai sayar mana da wake da ƙarfe goma.
Har yau ba wadda ta amsa cewa ita ta fara.

Madani ta ba ni digiri, Khartum ta ƙara mini.
Yanzu ɗalibai kan miƙe in na shigo,
Dakta sama, Dakta ƙasa,
ni kuwa in na ɗaga jan alƙalami
sai in ji hannun ba nawa ba ne.

Daren da babi na huɗu ya kafe, ya ƙi gaba ya ƙi baya,
Baturiya na kira, tana fama da yayen ɗa na biyar.
Ta ce, "Karanto." Na karanto.
Ta yi shiru, ta ce, "Wa kike wa wannan ƙaƙale?
Faɗe shi yadda za ki faɗa mana a rumfa."

Littafi ya fito. Na ɗauko ashirin a kwali,
motar Sinnar, zufa, akuya na cin gefen mayafina.
Baba Jatau ya riga mu gidan gaskiya.
Bangon an yi masa siminti, an jera dokoki goma sha biyu.

Inno Gambo ta juya littafin, ta shinshina,
ta sa jikarta karanta mata shafin da sunanta yake.
Ta saurara har ƙarshe tana korar ƙuda daga tukunya,
sannan ta ce, "Fam biyu na saka, ba ɗaya ba.
In za a sake bugawa, a gyara."

Na laluba jaka, na ciro jan alƙalami,
na gyara a gabanta.