Hayar Rana a Hawa na Uku

Mai shago a Alaba, Chidubem,
ya nuna mini sama da hannu
kamar gonar ubansa ce:
"Oga, soka a soket kawai,
kai da katin mita kun rabu har abada."
Na ƙirga masa dubu ɗari shida,
adashen shekara guda cur,
na ɗauko faranti biyu a danfo,
kwandasta ya caje ni kujera uku.

Muka ɗaure su a baranda, hawa na uku,
nan Agege, inda jirgin ƙasa ke kaɗa mana kofuna.
Ladidi ta kwance igiyar shanya tana gunaguni:
"An kori zannuwana saboda baƙi."

Ranar farko na tsuguna gaban mita
kamar mai jiran haihuwa a ƙofar asibiti.
Lambobi ba su tsaya ba.
Ɗingishi kawai suka koya.

Ga abin da Chidubem ya bari a aljihu:
rana ba ta leƙo layinmu sai ƙarfe goma,
ƙarfe biyu benen Baba Ajibade ya haɗiye ta,
shi da baƙin tankin ruwansa.
Sa'ad da take zuba, ina Mile 12 ina awon albasa,
Ladidi na gaban aji da alli a yatsa,
ba kowa a gida sai firji,
shi kaɗai ke cin walimar.
Da dare, da fanka ta fara roƙo,
farantan sun kwanta tun kafin magariba.
Ba batir, ba rumbu;
abin da ba a sha da rana ba ya bi waya ya tafi.

Sai wata Asabar aka ɗauke wuta,
rana tsaye a ka, ƙiri-ƙiri.
Na danna makunni da izza.
Shiru.
Ashe ɗan rakiya na saya, ba jagora ba:
in NEPA ta miƙe, shi ma sai ya laluɓi takalminsa.
Janareton ƙasa ya yi tari sau biyu ya tashi,
na rantse dariya yake mini.

Yuni ta zo, Legas ta ja bargo ta rufe kai.
Kwana tara ban ga inuwata ba.

Na buɗe bayan littafin albasa na ja layi.
Maris: dubu goma sha ɗaya da 'yan kai.
Yuni: ko biyar ba ta cika ba.
In an dama an raba, dubu takwas a wata.
Ladidi ta karɓi biro, ita ce mai lissafi:
"Shekara shida da wata uku, kafin uwar kuɗi ta dawo gida,
in ba abin da ya ƙone, in iska ba ta yi kwaɗayi ba."
Na dubi Tasalla tana rarrafe a tabarma.
Kafin nan ta yi famfara.

Rana ba ta ƙarya.
Ni ne na ji da kunnen mai buri.

Yanzu mun san halin baƙinmu.
Guga sai azahar ɗin Asabar,
ƙanƙara a haɗa ta rana na sama,
fitilu da wayoyi su ci su ƙoshi kafin inuwar Baba.
Lahadi ina goge hayaƙin titi da kashin tattabaru,
ina ganin fuskata a gilashi, ta ɗan rage zafi.

Dubu takwas.
Rabin kuɗin gas ne, ko motar Ladidi ta 'yan kwanaki,
ko tsire ranar da aka yi baƙi.
Ba ta raba ni da kati ba,
ta dai tsawaita tazarar gaisuwarmu.

Jiya Ɗantala mai gyaran takalmi ya ɗago kai daga ƙasa:
"Tanimu, in saya?"
Na ce, hawo da kujerarka gobe da hantsi,
kar ka kalli farantin,
zauna ka ga inda inuwa ke faɗuwa.