Alli da Zare

Ya ce in zo kafin rana ta taɓa duwatsun Española,
don iskar taya ba ta faɗin gaskiya
sai tana da sanyi.
Na zo. Dusar ƙanƙara ta kwana a rufin gareji,
jan barkono na rataye a ƙofa, ya bushe ƙayau.

Motar kawuna Nicanor ce, a-kori-kura.
Shi ya ɗaga ta inci shida bisa yadda aka ƙera ta,
ya sa mata tayoyi masu kai mini ƙugu.
Sai na kama ƙofa, na taka ƙarfe, na yi tsalle
kafin in zauna inda ya zauna shekara tara.
Ya bar mini ita da makulli ɗaya
da rasit ɗin abincin doki a aljihun gaba.

Na ce, "Don Eufemio, tana ja dama."
Bai tanka ba. Ya ajiye kofi a kan jak,
ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙas,
ya kafa geji a bakin kowace taya
kamar mai sauraren ƙirjin jinjiri.
Arba'in da huɗu. Arba'in da ɗaya.
Arba'in da huɗu. Talatin da takwas.
Na nuna masa takardar da ke manne a jikin ƙofa.
Ya ce, "Wannan lissafin ƙananan ƙafafu ne, Marisela,
an cire su tun kina firamare."

Ya ciro alli daga bayan kunne,
ya ja layi fari a faɗin kowace taya.
"Tafi har wancan turken, ki dawo. Kar ki karya kan mota."
Da na dawo tsakiyar layin ta goge,
gefe da gefe na nan fari fat.
"Ta ƙoshi da yawa. Da cibiya take tafiya."
Ya danna, iska ta fita tana tsaki,
muka sake, muka sake,
har alli ya goge gaba ɗaya, baki zuwa baki.

Sannan zare.
Ya ɗaure shi daga baya zuwa gaba, tsaye cak,
ya kanne ido ɗaya, ya sa awo.
Ƙafar dama ta gaba ta kalli waje
da kaurin kwabo biyu, bai fi ba.
Ya kama tafina ya goga a kan roba:
nan santsi, dawowa kuwa haƙoran zarto.
"Abin da ka ɗaga sama,
ƙasa sai ta karɓi harajinta."

Yana kwance ƙarƙashi, sifana na kuka da noti,
muryarsa ta fito tare da ƙurar tsatsa:
"Na faɗa masa tun bara waccan.
Ya ce a bar ta, hannunsa ya saba."

Sai na tuna kawu a teburin cin abinci
yana murza kafaɗar hagu da babban yatsa,
mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Na biya. Ya ƙi karɓar kuɗin alli.
"Mil ɗari biyar, ki dawo. Sabon saiti yakan zauna."

A hanyar Abiquiú kwalta ta miƙe sambal,
ba kowa sai wata motar ciyawa can nesa.
Sai ga ni ina bin layin tsakiya,
ina ketare shi, ina cin hagu.
Har na fara zagin dattijo a zuci
kafin na dubi sitiyari.

Hannuna ne.
Wata uku kacal na tuƙa ta,
ga shi yana kokawa da abin da babu.

Na sassauta yatsu ɗaya bayan ɗaya.
Motar ta tafi abinta, ba dama ba hagu.
A hannun rigata akwai sauran alli.
Ban kakkaɓe ba.