Bugun Hagu

A ƙasan adakar Baba na same ta,
naɗe cikin tsohon rawani, gefen takardar gida.
Kubenta ya bushe har ya fara ɓarewa.
Ƙotar ta ƙahon rago ce, da zoben tagulla uku,
na huɗun ya faɗi, gurbinsa ya yi baƙi.
Na juya ta gaba, na juya ta baya:
ba tambari, ba harafi, ba ko ɗigo.

Inna ta ce, "Ni dai da ita na tarar da shi.
Da ita ya yanka ragon sunanka.
Wanda ya ƙera kuwa, sai ka tambayi kasuwa."

Na shiga Kurmi da hantsi.
Mati mai kube ya shinshina fatar,
ya ce ɗinkin na Dukawa ne, ko shakka babu,
amma ƙarfe ba huruminsa ba ne.
Wani ya ce Agadas. Wani ya rantse da Bida.
Wani yaro ya ce, "Ai 'yar Caina ce,"
ya shafa bakinta da yatsa,
ya koma gefe yana tsotson jini.

Bayan azahar na tsallaka Jakara,
na bi ƙarar masaba har cikin maƙera.
Masu zuga suka miƙa ni ga ubangidansu,
shi kuma ya nuna min zaure da haɓa:
"Je ka ga Baba Cindo. Idonsa ya tafi,
amma kunnensa na nan."

Tsohon bai tambayi sunana ba.
Ya zare ta, ya auna nauyinta a tafin hannu,
ya ƙwanƙwasa ta a jikin uwar maƙera,
ya kasa kunne har amon ya mutu.
"Sifirin mota ne," ya ce, "na tsohuwar roka.
An shayar da ita man gyaɗa, ba ruwa ba."
Sai babban yatsansa ya bi gadon bayanta
a hankali, kamar mai bin layin allo,
ya kai gindin ƙota, ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye a wurin.

"Taɓa nan. Ka ji ɗan kwarin?
Masaba ta sauka ne daga hagu.
Duk unguwar nan mutum ɗaya ke bugu haka,
kuma mahaifinmu ya karya sanda uku a kansa
bai koma dama ba."

Na ce, wane ne?
Ya ce, "Ilu. Ƙanena.
Tambarin gidanmu a hannuna yake,
ni na hana shi, kan maganar rabon rumfa.
Ya yi shekara biyu yana ƙira babu suna,
ranar wata Laraba ya ɗauki awartakinsa
ya hau motar Gwambe.
Shekara talatin da ɗaya ke nan."

Zuga-zugi ya yi shiru a tsakar gida.
Wani ya kawo ruwa a moɗa, ba wanda ya sha.

Na zaci zai taya ta, na shirya ƙi.
Sai ya ce, "Ka bar min ita ta kwana."

Da safe na dawo.
Ya wasa ta har tana ɗaukar ido,
ya mayar da zobe na huɗu, sabo, ya fi sauran ja.
Tambarin gidan yana kan tabarma kusa da gwiwarsa,
an goge masa tsatsa, ba a buga ba.
"Na ɗaga masaba," ya ce, "na fasa.
Ai ya riga ya sa hannu."

Yanzu tana rataye a ɗakina.
In baƙo ya tambayi maƙerinta,
ba na cewa komai tukuna,
sai in kama yatsansa in kai shi wurin kwarin.