Kayan da Sunka Ƙi Sauka

Buhu ɗari uku na albasar Wurno
na kai Ikko, anka sauke cikin wuni guda.
Nawa kayan, na cikin cikina,
yau kwana shida ba mai saukewa.

Ni Arzika direba, ɗan Rijiyar Ɗorowa,
shekara sha tara ina murza sitiyari,
ko zazzaɓi bai taɓa kayar da ni ba.
Ga ni dunƙule bisa tabarma
kamar tsumman goge gilashi,
gwiwa ga haɓa, hannu ga mara.

Ciwon ba ya sallama.
Ta hagu yake lallaɓowa, ƙasan cibiya,
ya murɗa kamar mai matse wanki,
ya saki, in ce alhamdu,
kafin in kai lillahi ya dawo.
In ka ƙwanƙwasa cikin da yatsa
amon tayar da anka cika wa iska za ka ji.

Na san inda na ci bashin.
Kwantagora, burodi da shayi.
Jabba, burodi da tsire.
Ruwa kurɓi biyu, kada a tsaya,
albasa ba ta jiran mutum, ruɓewa take.
Sau uku ciki ya buga min ƙofa a hanya,
na ce bari mu wuce wanga gari,
bari mu wuce shingen 'yan sanda,
bari gari ya waye.
Ya yi zuciya. Ya daina bugawa.

Yanzu ni ke bugawa.
In ɗauki buta in shiga,
tsuguno har ƙafa ta mutu, gumi har cikin ido,
abin da zai fito bai kai kashin akuya uku ba.
Hajo na tankaɗe a tsakar gida,
ta ƙi ɗaga kai don ta rufa min asiri.
Autana Nomau ba ruwansa:
“Baba, ko kai ma sai an yi ma waƙa
kamar ni in an ɗora ni kan fo?”

Inna Ige ta aiko jiƙon filasko a kwalbar turare.
Bagudu yaron mota ya ce kanwa.
Maƙwabci ya leƙo, ya rage murya,
wai in duba cikin abokan lodi, akwai mai hannu.

Na tafi asibiti.
Yarinya ce, sa'ar ɗiyata, da farar riga.
Ta danna nan, ta danna can, na cije leɓe.
Akwai amai? Babu. Jini? Babu.
Iska na fita?
Da furfurata, ana tambayata tusa!
Na dubi silin na ce, jefi-jefi.
Ta rubuta magani, ta ajiye biro:
“Baba, injin motarka kana hana shi ruwa?
Ka sha, ka ci ganye, ka taka ƙasa.
In ya kira ka, ka amsa.”

Kwaɗon zogale da rama, ni da ke ce musu abincin awaki.
Gwanda rabi. Kankanar Kwalkwalawa.
Moɗa bayan moɗa daga randar Hajo.
Da la'asar na taka har Ƙofar Rini na dawo,
ina tafe ina dafe bango.

Can kafin assalatu wani abu ya motsa,
ƙugi can ƙasa, irin na mota mai nauyi
da ta samu giya a kan tudu.
Ban tsaya neman takalmi ba.

Sauran ba na faɗi ba ne.
Na dai fito, iskar asuba ta taɓa min wuya,
na ji yunwa, ta gaske, irin ta yara.
Hajo daga ɗaki, cikin duhu, ta ce, “Barka.”

Alhamis akwai lodi.
Na sayi jarka, na ɗaure ta kusa da giya.
In mun kai Koko na taka birki,
Bagudu zai ce, maigida, lafiya?
In ce masa sauka ka duba taya,
duka goma, kada ka yi sauri.