Ƙusoshi Huɗu

Shagon Arvel Stidham yana ƙarshen hanya,
inda kwalta ta gaji ta bar wa tsakuwa,
can cikin duwatsun Kentucky.
Warin gam, garin katako a ƙasa,
da kare mai ido ɗaya ƙarƙashin benci.

Na ɗora banjon babana a kan tebur.
Na ce, "Ya yi mini nauyi."
Arvel bai ɗago kai ba. "Kafaɗar ce?"
Kafaɗar ce mana.
Shekara ashirin da biyu ina yankan kaji a masana'anta,
yanzu ko butar shayi sai da hannu biyu.

Banjon mai rufaffen baya ne,
da faffaɗan akushin katako manne a jikinsa,
mai tattara sauti ya watsa gaba
kamar ruwan wanki daga bakin ƙofa.
Don daren Asabar babana ya saye shi,
don rumbun taba na gidan Caudill,
inda mai goge da mai jita ke kokawa da takun 'yan rawa.
Yatsu uku, biyu sanye da farcen ƙarfe,
kiɗa na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano.
A wurin nan, in ba ka da murya, ba ka zo ba.
Ni ma haka ya koya mini.

Arvel ya sauko da wani daga bango,
bayansa a buɗe, ana ganin cikinsa,
sanda ɗaya ta ratsa shi kamar gada.
Ba nauyi. Kai ka ce jinjiri ne ranar suna.
"Wannan ba ya magana da taro," in ji shi.
"Rabin muryarsa rigarki ke shanyewa,
saura haƙarƙarinki."
Ya tanƙwara hannu kamar ƙafar kaza,
ya doki tsirkiya da bayan farce,
babban yatsa ya sauka kan 'yar gajerar nan ta biyar,
dum-taka, dum-taka,
tafiyar alfadari a kan jiƙaƙƙen ganye.
Kare ya kaɗa wutsiya sau ɗaya.

Haka kakata Ollie Fern take yi a baranda,
da safa cushe a ciki don kar ta ta da yara.
Babana yana kiransa kiɗan tsofaffi.

Na ce, "Musaya za mu yi. Nawa zan cika?"
Ya ce, "Gaggawa aikin me?"
Ya kife banjon a kan bargo,
ya murɗe ƙusoshi huɗu, ɗaya ta yi gardama,
akushin ya fito a hannunsa.
Ya duba ciki, ya daɗe,
sannan ya miƙo mini ba magana.

Fensir ne, rubutun babana mai jingina hagu:
Na cire ranar da muka binne Mama.
Na mayar bayan sati uku.

Sati uku!
Shekarata tara, bango ɗaya ne tsakaninmu,
ban ji ko tsirkiya ɗaya ba.

Arvel ya share hanci da bayan hannu.
"Ba zan yi miki ƙarya ba, Verlie.
Ko an cire marfi, zoben ƙarfen yana nan da nauyinsa.
Ba zai taɓa zama wancan na bango ba."
Na ce na ji.

Yanzu a zaune nake kiɗa, bayan na wanke kwanuka.
Hannuna bai iya ƙafar kaza ba tukuna,
yatsun sai su miƙe, suna neman gudu.
Cikina ke jin abin kafin kunnena.
Akushin yana kan teburin kicin,
na zuba tuffa a ciki, na rufe rubutun,
ƙusoshin huɗu suna cikin kofin da hannunsa ya karye.

Jiya 'yar Caudill ta bugo waya:
ran Asabar fa, za ki zo?
Na dubi kofin.
Na ce mata, bari dai mu ga kafaɗar.