Fitowa ta Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya ina hawa acaɓa
ran Litinin ɗin ƙarshen wata,
in ratsa 'yan awaki a kasuwar Shuwarin,
in kai wa Kallamu mai injin kwafi a Dutse
shafi biyu da na rubuta da hasken cocila.
Labarin 'Yan Takai na Unguwar Ɗinya:
wa ya biya kuɗin wata, wa ya noƙe,
bikin wa za mu, sandar wa ta tsage,
wa ya zo gwaji bayan an kwance ganga.

Kwafi arba'in. Daga baya talatin.
Bana Kallamu ya ce takarda ta hau,
man janareta ya fi ta hawa.
Ya faɗi kuɗi, na tuɓe hula na sosa ƙeya.
Asusunmu gwangwanin madara ne,
ko an girgiza shi ba ya amsawa.

Sai Nadabo, autan ƙungiya,
wanda har yau bai iya juyi na uku ba,
ya ɗaga waya a gindin ɗinya:
"Ga maɗaba'a a tafin hannu,
ba tawada, ba kuɗin mota."
Aka ɗaga yatsu, sha tara da huɗu.
Ina cikin huɗun.
Ni ɗin kuma aka ɗora wa rubutun.

Yanzu sai in hau tudun bayan firamare,
inda sabis ke sauka kamar hasbiya,
ka motsa kaɗan ya tashi.
Babban yatsana yana ta tuntuɓe.
Na rubuta ƙafa, ta fito kafa,
ƙugiyar ta maƙale a wani wuri
da sai yara suka san hanyarsa.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
Cindo mai dako a Fatakwal
ya turo murya tsakar dare,
yana buga mana takai da cokali biyu,
bai yi kuskure ko ɗaya ba,
sai dai can ƙarshe muryar ta shaƙe.
Takardata ba ta taɓa wuce Kiyawa ba.

Amma Baba Sallau.
Bai san baƙi ba, boko ko ajami,
sai dai ya san mazaunin sunansa,
layi na huɗu, ta hannun dama.
Yakan ninke takardar ya cusa a hula,
ta sha guminsa wata guda.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta masa:
Sallau bai taɓa saɓa wa kiɗa ba.

Ran nan Nadabo ya miƙa masa wayar,
ga rawarmu ta bikin gidan Barau.
Ya kalla. Ya ce, "Mayar."
Aka mayar. Har sau uku.
"Wane tsoho ne wannan,
da ƙafar hagunsa ke zuwa bayan kasuwa ta watse?"
Kowa ya dubi ƙasa.
Shi kaɗai ya yi dariya, har da tari.
"Magatakarda, ashe takardarka na da kunya.
Wannan kuwa ba a haife ta da ita ba."

Fitowa ta ƙarshe, kwafi shida suka yi kwantai.
Tabawa mai ƙosai ta karɓe su.
Da safe na sayi na ɗari,
na tarar da sunana cikin mai da yaji,
na lashe shi, bai yi ɗaci ba.

Jiya na sauko daga tudu, na tura na wannan wata,
mutum sittin sun gani kafin in kai gida.
Na yagi falle a littafin lissafin 'yata,
na kunna cocila, na yi kwafi ɗaya tak.
Da na zo layi na huɗu na daɗe riƙe da biro.
Sannan na sa:
Sallau ya zo gwaji da wuri.
Ƙafar hagu ta iso daga baya,
kuma ta iso lafiya.